Direba Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shafi na 23

Masu cika min waya da "a ci gaba, a ci gaba", ga shi nan. Ita kuma wadda ta ce wai Inna ta cika masifa, ta bari a zo cire wa ɗanta abinci daga baki tukuna, sai mu ji irin tata muryar.

*

A hawa na uku Inna ta tsaya, ta dafa ƙarfen matakala tana mayar da numfashi. Manajan kamfanin yana gaba, ɗanta yana baya da kai a sunkuye.

Gobe da ƙarfe goma kwamiti zai zauna ya ƙwace masa lasin har abada. Kwana tara ke nan da motar rarraba kayan da yake ja ta bugi wani mai keke a mahaɗar hanya, ƙafar mutumin ta karye. Da a ce tsautsayi aka rubuta, da Inna ta haƙura. Amma takardar da aka karanta mata cewa ta yi halinsa ne, wai an auna an gano direba ne mai ganganci. Yaron da abokan aikinsa suke kira Sannu-Sannu.

Manaja ya juyo. "Mama, na faɗa miki ba mutum ne ya yanke wannan ba. Kwamfuta ce."

"To ai wajenta na ce ka kai ni. Ko ita ma ta fita cin abinci?"

A bakin wata ƙofa ta nuna wa ɗanta benci.

"Zauna nan. Kwana tara ina tambayarka kana kallon ƙasa kamar ka yar da allura. Tunda bakinka ya mutu, ni nawa yana aiki."

Ɗakin sanyi ƙalau, har sai da ta ƙara jan mayafi. Tebura uku, wayoyi a ƙasa kamar saiwa. A lungu akwai wata kujera da aka kafa wa sitiyari da birki da totur, babu ko taya ɗaya. A bango kuma ga wani ƙaton allo, tituna zane a kansa, ƙananan motoci suna ta yawo kamar kiyashi.

Wata budurwa mai tabarau ta miƙe ta gaishe ta.

"Wannan ita ce injiniyarmu," in ji Manaja.

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce uwar kwamfutar?"

"Ni ce nake kula da ita, Mama. Bismillah, zauna."

"Ban zo zama ba. Kin taɓa ganin ɗana?"

"A'a."

"Kin taɓa shiga motarsa?"

"Ban taɓa ba."

"To a gidan wa kika san halinsa?"

Injiniya ba ta ji haushi ba. Ta jawo kujera duk da haka, ta ajiye a bayan Inna, sannan ta nuna allon.

"Kowace motar kamfanin nan akwai ɗan akwati a ƙarƙashin kujerar direba. Yana rubuta lokacin da ya taka birki, da ƙarfin takawar, da tazarar da yake bari tsakaninsa da motar gaba, da yadda yake sauya layi. Da wannan muke ba wa ƙananan motocin nan hali, kowace da na direbanta. Da farko duk hali ɗaya muka ba su, kowa mai haƙuri, kowa mai bin doka. Sai cunkoson allo ya ƙi yin kama da na titi."

"Ai dole ya ƙi. Shida na haifa, ko biyu ba sa riƙe cokali iri ɗaya. Sai da kuka sayi wannan tulin kayan kuka gane?"

Injiniya ta ɗan murmusa. "Sai da muka saya, Mama. Kin ga korayen nan, masu haƙuri ne. Masu ruwan ɗorawa, masu ɗari-ɗari ne, ba sa shiga mahaɗa sai titi ya zama wayam, su ma suna tara cunkoso a bayansu. Jajayen kuma..."

"Faɗi mana."

"Masu manne wa motar gaba, su taka birki a makare."

"Ɗana wanne ne?"

Ta danna wani abu. Wata 'yar mota ta girma a tsakiyar allon, da lamba a bayanta. Ja ce jawur.

"Arba'in da ɗaya. Amma Mama, don mu san hanyar da za mu tura motoci da lokacin da ya dace muka gina wannan. Ba don a kori kowa ba."

Ta faɗi haka tana kallon Manaja. Shi kuma ya mayar da idonsa kan silin.

Inna ta yi tsaki.

"Yaron da akuya za ta tsaya tsakiyar titi, ya ja birki ya jira ta gama tunani? Matarsa tana naƙuda ya ɗauko ta, ni ina baya ina zaginsa ya yi gudu, ya ce min akwai danja. Shi ne ja? Nuna min ranar da ya yi gangancin."

"Ba rana ɗaya muke dubawa ba. Wata shida muke haɗawa, mu fitar da hali guda."

"Ni ban san wata shida ba. Buɗe min Litinin, tun daga fitowarsa."

"Mama, lokaci..." Manaja ya fara.

"Kai, ɗan nan, da kai nake?"

Injiniya ta zauna ta yi 'yan danne-danne. Sauran motocin suka dushe, aka bar ta lamba arba'in da ɗaya tana fitowa daga harabar kamfani da ƙarfe bakwai na safe.

Tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsakaninta da motar gaba, wata motar za ta iya kwanciya ta yi barci. Wata ƙaramar mota ta kutso ta gabanta, ta rage gudu ta ba ta wuri. Wata ma ta kutso, ta sake ba ta.

Sai a lokacin Inna ta zauna.

"Ga ɗana nan. Ka gani ko? Tun yana yaro haka yake, a layin famfo kowa sai ya wuce shi, ya dawo min da bokiti rana tsaka. Wannan ne kuka shafa wa jan fenti?"

Injiniya ta matso da fuskarta kusa da nata ƙaramin allon. Ta daina murmushi.

"Wannan kore ne," ta ce a hankali. "Koren ma na gaba-gaba."

Ta sa ranar ta yi sauri. Motar ta tsaya shago, ta tashi, ta tsaya wani. Ƙarfe goma, sha biyu, ɗaya. Da biyu ta buga, motar ta gangara gefen titi ta tsaya.

"Akwai shagon da muke kai wa kaya a nan?" Injiniya ta tambaya.

Manaja ya leƙa. "Babu."

Minti huɗu tana tsaye. Sannan ta hau titi.

Tun a danjar farko Inna ta ga bambanci. Motar gaba ta tsaya, wannan ba ta rage ba, ba ta rage ba, sai da ta kusa shinshinar bayanta sannan ta turje. Da suka tashi, ta riƙa cin layin tsakiya tana dawowa.

Inna ta miƙe tsaye, ta buga tafi ɗaya.

"Wannan ba ɗana ba ne! Wallahi ba shi ba ne! Mutum biyu kuka zuba a tukunya ɗaya kuka dama, kuka ce ga halin ɗana!"

"Mama, rana ta yi, mutum yakan gaji," in ji Manaja.

"Gajiya ba ta sauya wa mutum ƙafa. 'Yar nan, buɗe Talata."

Talata ma haka. Ƙarfe biyu, wuri ɗaya, minti huɗu. Laraba haka. Kuma kullum da ƙarfe huɗu motar takan dawo wurin ta sake tsayawa, daga nan sai tuƙin safe ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Injiniya ta cire tabarau ta murza ido.

"Laifina ne. Lamba ɗaya na gani, na ɗauka mutum ɗaya ne. Ban taɓa raba safe da yamma ba." Ta mayar da tabaran. "Kuma akwai abin da bai yi daidai ba. Mai ganganci yana taka totur da ƙarfi, yana wuce motoci. Wannan na yamman bai taɓa wuce kowa ba. Gudunsa ma bai kai na safe ba. Birkin ne kawai yake makara. Kamar mutumin da ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya zo dab da shi."

"Ko ma wane ne, ku nemo shi," in ji Inna. "Ni dai a wanke min ɗana."

Tana faɗa tana kallon allon. Motar ta doso kwana. 'Yar fitilar bayanta ta kawo ja, ta ɗauke, ta sake kawowa. Sannan ta sha kwanar.

Inna ta ƙura wa fitilar ido.

Wata kwanar ta zo. Fitilar ta kawo, ta ɗauke, ta kawo.

"Mayar da shi baya."

Injiniya ta mayar.

"Wannan ma ban gane shi ba," ta ce. "Kowace kwana sai ya taka birki sau biyu. Na farko a banza, na biyu ne na gaske. Motocinmu ba sa buƙatar haka."

Inna ta san motar da take buƙatar haka. Tsohuwar babbar mota ce mai dogon hanci, wadda birkinta ba ya kamawa sai an ba shi iska da takun farko. An daɗe da sayar da ita ga 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, amma ƙafar mai ita ba ta taɓa mantawa ba. Shekara talatin da huɗu duk motar da ya ja, idan Inna tana gefensa, sau biyu kanta yake rusunawa a kowace kwana. Har faɗa sun sha yi a kai.

Malam. Mijinta. Uban yaron da ke zaune a benci.

Shekara huɗu ke nan da likitan ido ya ƙi sa masa hannu a takardar sabunta lasin. A 'yan watannin nan idan ya zo zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. Idan zai fita sai ya lalubi gefen ƙofa, ta yi magana ya ce jiri ne. Kullum ɗaya da rabi yakan sa hula ya ce ya tafi garejin abokinsa hira. Ya dawo bayan huɗu yana warin man dizal, fuskarsa a sake, har da tsokanar jikoki. Ita kuma tana ta gode wa Allah da ya samu wurin hira.

Sanyin ɗakin ya shige ta har ƙashi. Ta lalubi kujera ta koma ta zauna.

Manaja ya lura. "Mama, kin yi shiru. Kin san mai ƙafar nan ne?"

Ta kawar da kai. Manaja ya ci gaba.

"Bari in faɗa miki yadda abin yake, don kar ki ce an rufe ki. Haɗarin nan ƙarfe uku da kwata ya faru. Idan ya tabbata wani ne a kan sitiyari, ɗanki ya yi laifin ba da motar kamfani, za a dakatar da shi wata uku, amma lasinsa yana nan. Shi kuma wancan, mu ba ruwanmu da shi, hukuma za mu miƙa wa sunansa. Idan kuma ba a samu kowa ba, takarda tana nan yadda take. Shi ya ce shi ne, ya sa hannu."

"Kira min ɗan nawa," in ji Inna.

Sannu-Sannu ya shigo yana murza hularsa. Ya kalli allon, ya ga motar tsaye a gefen titi da ƙarfe biyu a samanta. Bai sake ɗaga kai ba.

"Wa kake ɗauka a wurin nan?"

"Inna, ni ne na..."

"Ban tambaye ka wa ya tuƙa ba. Wa kake ɗauka?"

"Ba kowa. Ruwa nake tsayawa sha."

"Ruwan ne yake taka birki sau biyu?"

Ya ɗago da sauri. Idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, don Allah. Mu je gida mu yi maganar nan."

"Kwana tara muna gida. Nan za ka yi ta."

Ya dubi Manaja, ya dubi Injiniya, ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Kuka ya yi min, Inna. A gabana, da hawaye. Ya ce tunda aka raba shi da sitiyari ji yake kamar an ajiye shi a sito tare da tsofaffin tayoyi. Ya ce sau ɗaya kawai, daga nan zuwa shataletale. Na ce to. Washegari na same shi a wurin yana jira, ya goge takalmi."

"Wata shida."

"Ina gefensa kullum. Ni nake ce masa Baba ga danja, Baba ga mota ta tsaya. Ina faɗa yana takawa."

"Kai ne idonsa ke nan."

"Ranar nan waya ta shigo daga ofis, na sunkuya in duba. Daƙiƙa nawa ne, Inna? Ina ɗagowa..." Ya share ido da hularsa. "Ya kasa sakin sitiyarin. Ni na ɓamɓare yatsunsa, na tura shi ɗaya kujerar kafin mutane su taru."

"Shi kuma ya bar ka ka sa hannu."

"Ni na roƙe shi."

"Ya bar ka, na ce. Kwana tara yana zaune a tsakar gida ina zagin kamfani, yana taya ni. Jiya har cewa ya yi in rabu da su, yaran zamani ba su san tuƙi ba."

"Shekararsa saba'in da ɗaya. Gaban alƙali za su kai shi. Ni yaro ne, zan nemi wata sana'ar."

"Wace sana'ar? Tun kana sha tara ba ka san komai ba sai mota. Dako za ka yi da wannan bayan naka? 'Ya'yanka uku fa, ƙasa za su ci? Mai keken da ke kwance an ɗaure masa ƙafa, shi ba shi da uwa? Da yaro ne ya tsallako fa? Da ɗiyarka ce ta taso daga makaranta?"

Ya sunkuyar da kai. Inna ta ci gaba.

"Ni na hau bene uku ina cewa ɗana ba ya ganganci. Ashe yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, lissafi kawai ta ɓata. Wanda ya ɗora makaho a kan motar kaya ya shiga cikin mutane, wane fenti ya dace da shi?"

"Inna, ki rufa masa asiri."

"Asirin da aka rufa da lasinka? Tashi ka ba ni wuri."

Ta juya wajen Manaja.

"Ubansa ne. Mijina. Rubuta."

Manaja ya sosa ƙeya. Bai ɗauki biro ba.

"Mama, maganarki kaɗai ba za ta ishi kwamiti ba. Za su ce uwa ce take son ceton ɗanta, ta jingina wa tsoho. Ga shi kuma shi yaron ya riga ya amsa."

"To me zai ishe su?"

Injiniya ce ta amsa, tana nuna kujerar lungu mai sitiyari.

"Idan ya zauna a can ya yi tuƙi na minti ashirin, zan ɗora tuƙinsa a kan na yamman nan. Idan ƙafa ɗaya ce, kowa zai gani da idonsa. Amma sai ya zo da kansa, kafin goma. Ba wanda zai iya tilasta masa."

"Ba zai zo ba," in ji Sannu-Sannu daga ƙasa. "Kin san shi."

"Na fi ka saninsa."

Ta kwance bakin mayafi ta ciro wayarta mai madannai. Ba ta iya karanta suna ba, amma ta san idan ta danne lamba ɗaya ta riƙe, shi take kira. Ta danne.

Ta yi ƙara har sau biyar kafin ya ɗauka.

"Innar yara, ya aka yi? Sun saurare ki kuwa, ko sun yi miki irin tasu?"

"Sun saurare ni. Gobe da safe za ka sa hularka ka biyo ni nan. Akwai kujerar da za ka zauna ka yi tuƙi a gabansu."



"Ya faɗa miki ke nan."

"Bai faɗa ba. Ƙafarka na gani a bango."

"Ke fa ba ki san yadda abin nan yake ba."

"Zan sani gobe. Ɗanka yana durƙushe a gabana, saura kwana ɗaya a ƙwace masa lasin saboda kai."

"Idan kuma na ce ba zan zo ba?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta tsaya. Ta ƙara manna wayar a kunne. A bayan muryarsa akwai wata ƙara mai kauri, tana hawa tana sauka. Sai ga ƙarar sauya giya. Wani ya danna hon, dogo, kusa sosai.

Sannu-Sannu ya ga fuskarta ya miƙe.

"Malam," ta ce. "Motar wa kake ja?"

Ya kashe wayar.